Hannun Mai Aska

Shekara arba'in da biyu Mai Aska ya yi yana aski a ɗan shagonsa na kwanar titi, tsakanin mai gyaran takalma da kantin magani, kuma ko sau ɗaya bai taɓa riƙe injin aski ba. Ba don babu ba. Autarsa ta saya masa ɗaya shekara uku da suka wuce, yana nan cikin kwalinsa a saman kabad. In ka ce masa inji ya fi sauri, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ai ciyawa ake yi wa inji, ba gemun mutum ba."

Shagon ba wani abin a zo a gani ba ne. Kujera ɗaya mai jingina, madubi da ya tsage a kusurwa, fatar wasa aska rataye a ƙusa, sai benci a bakin ƙofa ƙarƙashin bishiya. Samari tuni sun gudu shagunan da ke da fanka da talabijin. Waɗanda suka rage masa tsofaffi ne irinsa, kuma a cikinsu biyu ne ba sa fashi: Ticha, wanda ya ajiye alli ya rungumi jarida, da Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota, abokin Mai Aska tun suna samari.

Wannan benci kuwa ya ji magana! A nan ake naɗa minista a sauke shi kafin shayi ya huce. Ticha ya ce gwamnati ba ta da laifi, mutane ne suka lalace. Direba ya ce to wa ya lalata su, shi ne? Daga nan a koma kan kwatar da aka yi musu alkawari zaɓe uku da suka wuce, a koma kan ruwan sama da yanzu ba ya zuwa sai ya ga dama, da tsuntsayen da suka daina kwana a bishiyar, da 'ya'yan da ba sa kiran waya sai in za su tambayi lambar wani. Direba ne sarkin surutu. Ko aska na kan maƙogwaronsa bakinsa ba ya tsayawa, ƙashin wuyan na hawa yana sauka, Mai Aska na faɗa, "Kai, rufe min baki kafin in yanka ka in huta!" Shi kuma ya ce, "Yanka mana, tsohon banza, wa zai riƙa zuwa maka?"

A kofin shayi abin ya fara. Wata safiya Mai Aska na juya sukari sai ya ji cokali na buga jikin kofin da kansa, ƙar-ƙar-ƙar, kamar wani ne ke kaɗa masa hannu. Ya ajiye cokalin, ya ɗora hannun a cinya, ya danne shi da na hagu. Matarsa na tsakar gida tana shanya, ba ta gani ba. Ya ce wa kansa rashin barci ne. Washegari abin ya dawo.

Tun daga ranar tsoro ya tare a gidansa. Ba tsoron yunwa ba, 'ya'ya na kawo abin da ya sawwaƙa. Tsoronsa biyu ne, kuma kowanne na jan sa gefe daban. In ya faɗa, za a karɓe askar, a zaunar da shi a ƙofar gida yana kallon masu wucewa kamar tsohuwar kujera. In bai faɗa ba, akwai wuyan mutane. Ya san wuya fiye da yadda ya san hanyar gidansa. Ya san inda jijiya take kwance, ya san fatar da ke kanta ba ta fi takarda kauri ba.

Sai ya shiga dabara. Kowace safiya kafin ya buɗe shago yakan rufe kansa ciki, ya naɗe hannun riga, ya gwada askar a damtsensa na hagu. In ta tafi sumul, ya buɗe ƙofa. In ta yi tsalle, ya zauna ya jira. Cikin wata biyu babu gashi ko ɗaya a hannun, sai ƙananan yanka jere. Ya koma sa riga mai dogon hannu ana tsakiyar zafi, matarsa ta yi mita har ta gaji. A wurin aiki kuma ya koyi kafa ƙaramin yatsansa a fatar mutum kamar turke, ya ɗauke numfashi, ya ja askar, sannan ya saki numfashin. Askin da yake gamawa cikin minti goma ya koma rabin awa. Ticha ya ce tsufa ne ya sa shi yanga.

Abu ɗaya ne ya zo masa da sauƙi. A 'yan watannin nan Direba ya koyi yin shiru. Zai yi ta zuba a kumatu, ya yi ta zuba a haɓa, amma da askar ta gangaro wuya sai ya yi tsit, ya lumshe ido, ya daina ko haɗiyar yawu. Mai Aska ya gode wa Allah a ransa. Har tsokanarsa yake yi, "Yau kuma? Ashe dai ana hankali ko da tsufa."

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, ranar da Direba ya saba aski duk mako, gwajin safe bai yi kyau ba. Askar ta yi tsalle sau biyu a damtsensa. Ya tsaya yana kallon ƙofar, yana shawarar ya ce musu zazzaɓi yake yi, sai ya ji muryar Direba a waje yana buga ƙyaure, "Ka mutu ne a ciki? In ka mutu ka faɗa mana mu tafi!" Ya sauke hannun riga ya buɗe.

Direba ya zauna, aka ɗaura masa tawul, aka shafa kumfa. Ticha na benci yana karanto musu labarin wata gada da ruwa ya cinye wata shida da buɗe ta. Direba ya ce shi ya bi gadojin da suka girmi ubansa, suna nan daram, na yanzu kuwa da yawu ake liƙa su. An gama kumatun dama, an gama rabin haɓa. Mai Aska ya ɗaga masa kai da yatsa biyu, wuya ya miƙe, Direba ya yi shirun nan nasa. Mai Aska ya kafa ƙaramin yatsa, ya ɗauke numfashi.

Direba bai motsa ba. Wallahi ko gashin idonsa bai motsa ba. Hannun ne ya fizga da kansa.

Yankan ɗan ƙarami ne, ƙarƙashin muƙamuƙi, bai fi tsawon farce ba. Mai Aska ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Ƙurji ne na taɓa." Ya ɗauko ɗan farin dutsen nan da masu aski ke gogawa a yanka, ya tsoma a ruwa ya goga. Shekara arba'in da biyu sun koya masa cewa irin wannan, kafin ka ƙirga ashirin ya tsaya. Ya ƙirga ashirin, ya ɗaga yatsa. Jinin ya ɓullo, ya ratsa kumfa, ya gangara cikin tawul. Ya sake gogawa, ya sake ƙirgawa, ya sake ɗagawa ya duba. Jinin bai san da ƙirga ba. Kuma wani irin jini ne tsararo kamar an sirka shi da ruwa.

Ya canza tawul. Ticha ya ajiye jarida ya leƙo, ya ce, "Subhanallahi, bari in kira mai kantin magani."

"Kar ka kira kowa!" Mai Aska ya daka masa tsawa. "Yau na fara aski? Yanzu zai tsaya."

Ya san ba don Direba ya faɗi haka ba, don kansa ne. In mai kanti ya shigo, titi ya shigo, kuma titi zai tambayi yadda aka yi. Ya zuba ruwan sanyi, ya danna, ya ɗaga, ya duba. Tawul na biyu ya jiƙe. A madubi ya ga fuskar abokinsa, rabi a aske rabi cikin kumfa, leɓɓan sun fara fari. Direba ya buɗe baki a hankali ya ce, "Mai Aska, akwai wani magani da nake sha."

Ticha bai jira sauran ba, ya fita da gudun da rabonsa da shi tun yana koyarwa. Mai kanti ya shigo da auduga, yana ganin wanda ke kujerar ya dafe kai. "Innalillahi! Baba, wannan ai maganin tsinka jini yake sha, wata takwas ke nan, a wurina yake saya, saboda zuciyarsa. Wa ya ce a sa masa aska? Danna nan da ƙarfi, kuma kar ka ƙara ɗagawa ka duba, ɗagawar ce ke hana shi tsayawa!"

Aka tsayar da tasi. Mai Aska ya zauna a baya, kan Direba a kafaɗarsa, tafinsa danne da audugar. Babu sauran ƙaramin yatsa, babu ɗauke numfashi. Hannun na rawa a fili a wuyan abokinsa, har haɓar Direba na rawa tare da shi. Kowace danja suka tsaya sai ya ji kamar ransa zai fita. Yana ta cewa, "Ka yi magana mana. Kai, ka ce wani abu. Zagi gwamnati." Direba sai dai ya lumshe ido ya buɗe.

A asibiti sai da nas ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Baba, saki, mun karɓa." Ɗinki biyu aka yi, aka ce za a riƙe shi kwana ɗaya. Da ta fito ta same shi a bencin baranda, riga duk jini, hannu na karkarwa a cinya. Ta dubi hannun ta ce, "Baba, kai ma ya kamata likita ya gan ka."

Da ya koma gida matarsa ta taya shi cire rigar, ta ga damtsen da babu gashi, ta ga yankan da ke jere. Ta daɗe tana kallo. "Malam, da wannan kake kwana kake tashi, ni ina gefenka kamar baƙuwa?" Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta miƙa hannu. Ya ciro askar daga aljihu ya ba ta. Ta naɗe a tsumma ta kulle a akwatinta.

Kwana tara bai leƙa titi ba. Ko ƙofa aka taɓa sai ya ce 'ya'yan Direba ne. Rana ta goma aka buga ƙofar da ƙarfi, irin bugun da ya sani.

"Fito, tsohon banza. Haka za ka bar ni, gemu gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, jikoki na yi min dariya?"

Direba ne, da filasta a wuya, Ticha na bayansa da jarida. Suka tasa shi gaba har shago. Direba ya zauna a kujera ya ɗaura wa kansa tawul, ya nuna saman kabad da haɓa. "Sauko da abin yankan ciyawar nan."

Mai Aska ya sauko da kwalin, ya goge, ya jona. Injin ya ɗau ƙugi. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya fara daga kumatu. Direba kuwa ya buɗe baki. Ya fara da abincin asibiti, ya koma kan gadar nan, ya ce ya ji an kafa kwamiti, kuma shi ya san kwamiti, rami ne da ake binne magana. Injin ya sauka haɓa, yana magana. Mai Aska ya ɗaga masa kai, injin ya gangara wuya, ya kewaye filasta, Direba bai tsaya ba. Ƙashin wuyan na hawa yana sauka kamar da.

Mai Aska ya kashe injin. Ya tsaya yana kallon wuyan.

"Tun yaushe ka sani?"

Direba ya dube shi ta madubi. "Tun kafin damina. Yatsan nan naka da kake kafa min, ai rawa yake yi."

"Da maganin a jikinka kake zama a kujerar nan?"

"Likita ya ce kar in bari aska ta kusance ni. To in daina zuwa, ka tambaye ni dalili, in ce maka me? In ce zuciyata ta lalace, ko in ce hannunka ne?"

"Kana jin tsoro?"

"Duk Asabar. Salati nake yi a zuci, kai kana cewa na yi hankali."

Mai Aska ya fara lissafa Asabar ɗin a ransa. Da ya wuce talatin, sai ya dafa bayan kujerar. Ticha ya ɗaga jaridarsa ya rufe fuska da ita.

"To kunna mana," in ji Direba. "Ban gama da kwamitin nan ba."