Na Yi Gudu da Masassara a Jikina

Assalamu alaikum. Masu tambayata ina na shiga, da masu cewa girman kai ne ya hana ni amsa saƙo, yau ga ni. Ba girman kai ba ne. Duk lokacin da na fara rubutun nan sai in goge.

Wanda ya san ni a Gure, da gudu ya san ni. Ni ne dogon ɗan makarantar lise ɗin nan mai hawan tudun rairayin bayan gari kowace safiya, har tsofaffi masu tafiya lambu a kwari suna tsokanata wai wa ya biyo ni.

Shekarar korona ita ce ta ƙarshe da zan iya shiga gasar makarantu a Damagaram, don shekaruna sun kai iyaka. Wanda ya yi fice a can ake kaiwa Yamai. Ban da wannan ba ni da wani buri. Karatuna dai ba yabo ba fallasa.

Sai aka rufe makarantu. Gasar kuwa ba a ce an soke ba, ba a ce za a yi ba. An ɗage, shi ke nan. Yau a ce bayan salla, gobe a ce za a yi amma ba ƴan kallo. Mushe Sule, malaminmu na wasanni, shi ma bai fi mu sani ba.

"Kowa ya riƙe jikinshi," in ji shi. "Kar a kira mu a tarar kun yi nauyi."

Da ciwon kai rashin lafiyata ta fara, sai masassara. Ranar da Inna ta sa turaren wuta na ga hayaƙi yana tashi amma ban ji ƙamshi ba, sai na fara zargin korona ce. Ban faɗa wa kowa ba. A lokacin, gidan da aka ce cutar ta shiga ko mai tallar nono ba ta leƙawa, kuma na san za a cire ni daga masu tafiya.

Mu masu gudu muna da wata al'ada: masassara da zufa ake korar ta. Ka sa riga biyu, ka fita da hantsi, ka yi gudu har ka jiƙe. Na sha yi a baya, na ga kamar yana aiki. Haka na yi ta yi.

Wata safiya ina tsakiyar tudu na ji kamar an ɗora mini buhun kanwa a ƙirji. Wani mai lambu ne ya tsince ni, ya kawo ni gida a kan jakinsa.

A asibitin Gure aka cusa mini auduga a hanci, aka tura ta Damagaram, aka rufe ni a ɗaki ni kaɗai. Inna sai ta taga take ganina. Ta ajiye fura a bakin ƙofa, ta ja da baya, ta ce, "Kyari, sha ko kaɗan ne." Da sakamako ya dawo, korona ce.

Tari ya lafa, amma ƙafafuna suka kumbura. Ba na iya kwanciya sai a zaune, zuciyata tana bugawa yadda ta ga dama. Ambilans ta kai ni Damagaram. Robar iska a hanci, ƙarin ruwa, ɗibar jini kowace safiya, wayoyi manne a ƙirji. Da likita ya gama hoton zuciya ya ce, "Ka yi aikin ƙarfi da zazzaɓi a jikinka?"

Na ce gudu na yi.

Ya ce, "Ciwon ya taɓa naman zuciyarka. Hutu take nema, kai kuma ka kore ta."

Magani ba kyauta ba ne. Baba ya sayar da san da ke ja masa amalanke, ya sayar da dabinonmu tun yana bisa bai nuna ba. Har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba, kuma wallahi shirun nasa ya fi mini ciwo.

Dattijon da ke gadon kusa da ni ya rasu muna cikin hira. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Bayan nan kuma akwai ranakun da ban damu in tashi ko kar in tashi ba. Ina faɗa ne don gaskiya ce.

Sauƙi a hankali ya zo. Daga gado zuwa ƙofa, daga gida zuwa masallaci. Yanzu ina tafiyata, ina shan magani, ina taya Baba zaman rumfa ranar kasuwa. Likita ya ce zan yi aiki, zan yi aure in Allah ya so. Na ce gudu fa? Ya ce, "Wannan ka bar shi."

Mutane suna cewa na warke, ni ma ina amsawa da alhamdulillahi. Amma in na hangi yara a kan tudun nan sai in sake hanya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da Baba, da ma'aikatan asibitin nan biyu, da mai jakin da har yau ban san sunansa ba.

Ƴan'uwana masu wasa, in kuna zazzaɓi ku kwanta. Zufa ba magani ba ce. Bayan kun tashi ma, in ƙirji ya yi nauyi ko numfashi ya gaza, ku je a duba zuciya kafin ku koma fili. Kar ku ɓoye ciwo don tsoron a cire ku.

Ku kuma manya masu yanke hukunci, in annoba ta zo ku ce e ko a'a. Yaro ba ya jin "wataƙila", e yake ji.

Da na dawo gida Mushe Sule ya zo gaishe ni. Na daure na tambaye shi wa ya ci tseren. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kyari, ai ba a yi gasar ba."