Miyar Lami a Bakin Get

Shekarun da soja suka koma bariki, maigidana ya samu ƙarin girma a ma'aikata, muka tare a Maitama. Gida ya zo da mota, mota ta zo da direba, hawan jini kuma ya zo da kansa. Likita ya ce in ba a janye masa gishiri ba, wata rana zai faɗi.

Na raba tukunya biyu. Tamu da ta ma'aikatan gida da gishiri, tasa lami. Kullum sai kwanonsa ya dawo tas kamar an wanke, har ina yi masa sannu da ƙoƙari. Jinin dai bai sauka ba.

Shi mutum ne da bai iya cin abinci shi kaɗai ba, haka ya tashi a ƙauyensu. Da an idar da magariba sai ya sa a kai masa kwanonsa bakin get, a shimfiɗa tabarma, maigadi da direba da masu gadin makwabta kowa ya kawo nasa, a yi ciyayya.

Wata rana na leƙa ta tagar sama. Ga Alhaji ya naɗe hannun riga, ya duƙufa kan miyar direba. Su kuma, don kara, sun kewaye tasa suna haɗiya da kyar. Ashe masu gadin layinmu nake yi wa magani.

Na tare shi. "Alhaji, so kake ka bar ni da yara?"

"Hajiya, mutum ya turo maka kwanonsa, ka ce masa likita ya hana?"

Na yi faɗa, na yi kuka. Na cire gishiri daga tukunyar gidan gaba ɗaya, amma ba ni da iko da tukwanen makwabta.

A ofis ya faɗi. Ɓarin damansa bai sake motsi ba.

Bayan an sallamo shi, ni nake ba shi a baki, a ɗaki, miya lami. Jini ya daidaita, likita har yaba mini ya yi. Amma loma biyu yake karɓa ya kau da kai, yana ta ramewa, ni kuma tsoro ya cika ni.

Ran nan da magariba aka yi sallama a ƙofar falo. Maigadi ne da direba, da tabarmarsu, ba kwano. Direban, mutumin Filato, ya ce, "Madam, kawo na oga. Mun riga mun saba da shi."

Ranar, a tsakiyarsu, Alhaji ya cinye, da hannun hagu.