Ranar da Na Ƙirga Murhu a Gidanmu

Na daɗe ina aikin rediyo a Funtua, labarai da yawa sun bi ta hannuna, wasu ko an tuna mini ba na tuna su. Amma akwai ɗaya da ba zai bar raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shi ne wanda na fita da niyyar kama gwamnati da ƙarya, na dawo da sanin cewa matar da ta raine ni tana kwana da yunwa a gidan ubana.

Lokacin ban daɗe da fara aiki ba. Ina da shiri sau ɗaya a mako, kuma na gaji da karanta sanarwar wane ya ce, wane ya musa. Da na ishi editanmu da mita, sai ya turo mini rahoton wani bincike da gwamnati take yi lokaci-lokaci, wanda ma'aikata suke bi gida-gida suna tambayar mutum nawa ne a ciki, shekarunsu, karatunsu, har ruwan da suke sha. Ya ce, "Ki zauna da shi. Duk layin da kika karanta kika ce anya, to ki tsaya nan, akwai labari."

Kwana biyu ina fama da jadawali har idona ya yi ja. A rana ta uku na iso inda aka rubuta matsakaicin yawan mutanen da ke gida ɗaya a jiharmu. Adadin ko yatsun hannu biyu bai cika ba. Na ce anya, na sake cewa anya. Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Ƙarfi, gidanmu kaɗai in aka ce kowa ya fito tsakar gida sai ka rantse suna ake yi. Nan take na yanke hukunci: an rage mu a takarda don a rage mana rabo. Na zauna na rubuta labari mai zafi, ina yi ina jinjina wa kaina.

Edita ya karanta har ƙarshe, ya ajiye takardar a hankali. "Kin tambayi wanda ya taɓa yin aikin nan?" Na ce me zan tambaya, ga abu a fili. Ya ce in dai ban tambaya ba, labarin ba zai shiga iska ba. Ya kwatanta mini wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin ƙidaya kafin ya yi ritaya, yanzu yana sayar da irin shuka a kasuwa. Na fita ina ƙunƙuni, a raina ina cewa tsoro ne kawai ya kama editan nan. Ni dai Allah ya yi ni da saurin hawa, har yau ban gama warkewa ba.

Na tarar da Malam a rumfarsa yana auna wa wani manomi irin masara. Da ya sallame shi na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ya yi murmushi.

"'Yata, ai mu ba ƙofar gida muke ƙirgawa ba. Tukunya muke ƙirgawa. Waɗanda suke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya, su ne gida a wajenmu. Zaure ɗaya sai ki samu gida biyar a bayansa."

Na ce to ko da hakan, mu gidanmu gandu ne, noma tare, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya tun zamanin kakanmu.

"Yaushe rabonki da gida, in ba da Sallah ba?"

Nan ya kama ni. Tun rasuwar mahaifinmu sai da Sallah nake zuwa, ranar da ake ɗora babbar tukunya kowa ya ci. Malam ya ce in je ranar da babu wanda yake jirana. In fara rubuta duk wanda yake kwana a gidan, sannan in bi kowace mai girki in tambaye ta su wa da wa suke ci daga tukunyarta kullum, in gwada takardun biyu. Ya ce, "Mu da muka yi aikin, wanda ya fi ba mu wahala shi ne mutumin da yake kwana a gida amma bai fito a tukunyar kowa ba." Na ji maganar, amma ban kawo komai a raina ba.

Ranar wata Talata, tsakiyar damina, na hau motar Malumfashi, daga can na hau babur zuwa ƙauyenmu. Ina shiga abin da na fara gani shi ne babban murhunmu na tsakar gida, ciyawa ta tsiro tsakanin duwatsunsa. Yayyena uku ne a gidan, kowanne matarsa ta yi nata murhun a ƙofar ɗakinta. Na san an raba gonaki bayan rasuwar Baba, amma ban taɓa tunanin rabon ya iso tukunya ba. Ashe dai alƙaluman gwamnati sun fi ni sanin gidanmu.

Matan yayyena suka yi ta tsokanata, wai yau 'yar rediyo ta koma malamar ƙidaya. Na biye musu muna dariya, ina bin su ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda. Kowacce ta lissafo mijinta da 'ya'yanta, ɗaya har da ƙanenta da ya zo taya su noma. Na zauna gindin bishiyar bedi ina gwada sunaye, ina soke wanda ya fito. Da na gama, suna ɗaya ya rage ban soke ba. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ba ta da ɗa a raye, ita ta goya ni tun ina wata bakwai da mahaifiyata ta rasu.

Na koma wajen matar babban yayanmu na ce, Gwaggo fa? Ta ce, "Ai ina leƙa ta in na sauke. Sai in ce Gwaggo an kawo miki, ta ce Alhamdu lillahi, sai in san an riga ni." Na je wajen ta biyu, maganar ke nan. Ta uku ma haka. Wallahi babu muguwa a cikinsu, kowacce ta ɗauka 'yar'uwarta ce ta kai.

Na shiga ɗakin Gwaggo na same ta a kan tabarma tana jan carbi. Kwanonta yana kife a gefe, an wanke shi tas. Na ce, "Gwaggo, kin ci abinci?"

"Alhamdu lillahi, 'yar nan."

Abin da take faɗa mini a waya ke nan duk mako, ni kuma in ce madalla in wuce zuwa wata hira. Wannan karon na ce, "Me kika ci?"

Ta kalli carbinta. Na ce, "Wa ya kawo miki?" Sai ta ce jiya da rana an kawo mata ɗanwake. Wata rana kwano uku ke zuwa mata a lokaci ɗaya, wata rana babu ko ɗaya, sai ta jiƙa garin rogo, ko ta tauna gyaɗar da take ƙullewa a bakin zani. Ta ce, "Kowa da 'ya'yansa, ga damina, rumbu ya yi ƙasa. In buɗe baki in ce wa wa? Kuma ni ban yi wa kowa ƙarya ba, godiya na yi wa Ubangijina." Sai a lokacin na lura da yadda wuyan hannunta ya koma, abin da da Sallah na gani na ce tsufa ne. Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ita ce ma take lallashina.

Bayan la'asar yayyena suka dawo daga gona, na tare su a zaure. Na shiga da niyyar in wanke su tas, don bakina ba ya ciwo. Amma ina buɗe baki na tuna wayoyin da nake yi mata, na tuna laifi tudu ne. Sai kawai na miƙa wa babban yaya takardun biyu, na nuna masa sunan da ya rage. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a jana'izar Baba ban gani ba. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Rubuta ta a tukunyata, a sama da sunana. Rubuta ina gani." Sauran biyun suka ce duk kaka za su riƙa zuba nasu hatsin a rumbunsa saboda ita, kuma sun cika alkawari.

Labarin da na rubuta da farko na yaga shi. Na yi mako biyu ina shiga gidaje a ƙauyukan Gozaki da Ƙarfi da tambayar Malam, na samu gandu yana watsewa kusan ko'ina, na kuma samu tsofaffi irin Gwaggo fiye da yadda na so in samu. Na yi shirin ban ambaci gidan kowa ba. Cikin masu bugo waya akwai wani manomi da ya ce yana kan hanyar gona ya ji mu, ya juya babur ya koma gida ya tambayi mahaifiyarsa me ta ci. Bai iya ƙarasa maganar ba, ya kashe wayar.

Gwaggo ta yi shekaru bayan nan, ta murmure har tana yi mini faɗa wai na tona mata asiri a rediyo. Da ta rasu, a ɗakin babban yaya ta cika, bayan ta sha kunun safe. Editan da na kira matsoraci da Malam mai irin shuka, ba na sallah in tashi ban sa su a addu'a ba. Ban manta da ma'aikatan da ban sani ba, waɗanda suka sha rana suna bin gidaje suna tambayar tukunya. Allah ya saka musu da alheri.

Abin da na koya bai wuce biyu ba. In na ga alƙaluma a takarda, kafin in ce ƙarya ne sai na tambayi me aka ƙirga. Kuma tun daga ranar ban sake tambayar tsoho ko ya ci abinci ba, don na san amsar da zai ba ni. Sai dai in ce me ka ci, wa ya kawo maka, in zauna in jira.