Ƙoƙon Baba a Ranar Gayya

Ni ɗin nan da nake dogara sanda yanzu, a zamanina babu garmar da ke shan gaban tawa daga ƙauyenmu har Malumfashi. Mu Maguzawa ne, noma muka gada, giya kuma muka taras a gida. Lokacin sai mutum ya jingine kwari da baka a gindin kuka kafin ya sunkuya, saboda mahara. Amma ni ba mahari ne ya kayar da ni ba, tulu ne.

Wata damina aka yi gayya a gonar surukina. Tun da sassafe na ɗora giya a kan cikin da ban karya ba. Ana tsakiyar huɗa, mai gangar noma yana ta zuba mini kirari, sai na ga ƙasa ta juya. Na kife tsakanin kunya biyu, garma can, ni can. Mata suka kwashe da dariya. Makaɗin nan, ɗan banza, nan take ya sauya kiɗa ya mai da ni abin waƙa. Na miƙe da laka a baki na ɗaga hannu sama na ce, "Na rantse da aradu, ni da giya har abada!" Kowa a wurin ya san duk wanda ya karya wannan rantsuwa a cikinmu, hadarin farko ma ya ishe shi.

To, baki shi ke yanka wuya. Kwana uku da yin haka hannuna ya kama rawa, ko mazagin wando ba na iya ɗaurewa. Na yi faɗa da ƙanena, na yi faɗa da jaki, har da zakara sai da na jefa don ya yi cara. Ga shi duk unguwar babu mai dafa giya kamar matata. Ranar da ta ɗora tsiron dawa a wuta, ƙamshin nan sai ya biyo ni har bayan rumbu. Sai in cika baki da gauta mai ɗaci in gudu fadama in yi ta saran abin da bai kamata a sara ba. Abokaina kuwa suka samu abin yi. Duk inda na gifta sai su ce, "Malam, a sa mu a addu'a!"

Sau ɗaya na kusa karya rantsuwar. Da bazara ne, muna dawowa daga kasuwar Funtua, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Wani abokina ya miƙo ƙoƙo, na karɓa, har ya taɓa leɓena. Sai sama ta yi gurnani can gabas. Wayyo, ban san sanda na dire shi ba! Da gudu na iso gida.

Daga nan abu ya fara daɗi. Rawar hannu ta tafi. Na soma jin ɗanɗanon tuwo, ina cin malmala huɗu ina neman ƙari. Kafin rana ta fito na gama kunya goma. Kai, ji nake in an ba ni dutse zan huɗe shi! Na ƙagu damina ta kankama a yi gayyar gandunmu, in wanke sunana a gaban makaɗin nan.

Ana saura kwana uku Baba ya kira ni. Tun da na rantse bai taɓa ce mini uffan a kan maganar ba. Ya ce, "Ɗan nan, da kake ɗaga hannu sama, ka tuna da ƙoƙona?"

Nan take na gane inda ya dosa. A gidanmu, in an tashi gayya, maigida ke cika ƙoƙonsa da giya ya miƙa da hannunsa ga wanda ya riga kowa fita bakin gona, a shanye a gaban jama'a. Wanda ya ƙi karɓa ya ce wa duniya maigidan ba kowa ba ne. Na ce, "Baba, to sai in sassauta, in zo na biyu." Ya dube ni kawai ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

Wane na biyu! Ranar, ganga tana tashi jinina ya tashi. Na manta da dabarar da na ƙulla. Garma tana shiga, ƙasa tana kifewa, mata suna guɗa, makaɗin da ya yi mini waƙa yana bina a guje yana kiran kakannina. Da na ɗago kai, na gan ni a bakin gona ni kaɗai, na kusa da ni yana can baya yana haki. Na yi ihu, na cilla garma sama, na yi tsalle kamar ɗan maraƙi.

Ina juyowa sai ga Baba tafe da ƙoƙo. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. Matata ta ɗora hannu a ka. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa. Amma na ce a raina gara aradu ta raba ni biyu da in kunyata tsohon nan a gonarsa. Na durƙusa, na karɓa hannu biyu, na rufe ido na kurɓa.

Kunun tsamiya ne, an tace shi tsararo.

Baba ya sunkuyo ya ce a hankali, "Shanye, kada ka rage. Kwana uku ke nan ban zuba giya a ƙoƙon nan ba, don kada ko warinta ya taɓa bakinka."

Mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin ya sha giya a ƙoƙon wani ba. Na shanye tas, jama'a suka ɗauki sowa. Da na miƙa masa ƙoƙon ya sa hannu zai karɓa, sai na ga hannun yana rawa, irin rawar da nawa ya yi.