Ƙofa ta Uku a Zauren Malam Sahabi

Duk wanda ya taɓa bi ta zauren Malam Sahabi a Tudun Wada ya san ƙafafun nan nasa. Da an sallame asuba zai shimfiɗa buzu a tsakiyar zaure, ya jingina da buhun gero, ya miƙe su a kan hanya. Ba mai tsallake ƙafar dattijo, dole ka tsaya ka gaishe shi. Kana gamawa sai ya ce, "To, mi kaz zo muna da shi? Ƙahwag ga ba ta tashi sai da labari." Ko haihuwar akuyarka ce, sai ka faɗa kafin ya janye.

Zauren kowa ƙofa biyu gare shi, ta waje da ta shiga gida. Nasa uku. Lokacin da kuɗin mai suka shigo, kowa ya zagaye filinsa da bulo, tsohuwar hanyar masallaci da 'yar kasuwa ta toshe. Sahabi ya sa aka fasa bangon zaurensa ta gefe, hanya ta dawo ta gabansa. Wannan ƙofa ce ta sa nake wannan rubutu, domin bayan sadakar arba'in ta rasuwarsa na ga babban ɗansa Mustafa ya sauke bulo a bakinta, wai zai toshe ta ya mai da zauren shago.

Ni taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, gidana kuma yana kallon nasa. Fataucin atamfa da shadda ya kai ni Kumasi da Abijan, ya kai ni Khartum da Jidda, har sanyin Landan na sha. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci da Fulatanci. Shi kuwa babban ɗan kasuwar hatsi ne, da ya so da ya gina bene, amma bai taɓa wuce Kwalkwalawa da ke nan bayan gari ba sai da ya tafi aikin hajji. Duk da haka, in baƙo ya tambayi gidana, cewa ake yi, "Wancan mai kallon zauren Malam Sahabi." Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai, har yau ma ba ta daina ba.

Na ga rumfunan Kumasi. Na ga gadajen igiya da mutanen Khartum ke fitowa da su ƙofar gida da la'asar. Na kuma ga Landan, inda maƙwabci zai kwanta ciwo ya warke ba wanda ya ji. Da na tashi gini, na Landan na kwaikwaya. Na yi doguwar katanga da fasassun kwalabe a kanta, da get na ƙarfe, da ƙararrawar lantarki, da falo mai kushin wanda in an ɗauke wuta yake komawa gidan burodi. Ranar walima Sahabi ya ƙi taɓa ƙararrawar, ya ce shi ba ya yi wa ƙarfe sallama. Ya tsaya cikin rana yana rangaɗa sallama har na fito da kaina. Ya ɗaga kai ya ƙare wa kwalaben kallo, sannan ya tambaye ni a natse ko na waje nake tsoron su shigo, ko na ciki nake tsoron su gudu. Jama'a suka ci shinkafata suka sha lemona. Washegari duk suna zaurensa suna hirar gidana, ni kuma ina zaune ni kaɗai a kan kushin.

Wanda ya fi ƙona ni shi ne neman auren ɗiyata Hadiza. Dattawan mijin sun zo, suka tarar da get a rufe, ba dakali, ba inuwa, ba wanda za su yi wa sallama. Sai suka tsallaka titi zuwa zauren Sahabi. Kafin a kira ni an gama gaisuwa, an bincike asali, har an fara tauna goro. Na shiga a fusace na tambaya wai tsakanin ni da shi wane ne uban yarinyar.

"Kai ne uba, Ɗan Jidda, wa yay yi gardama?" in ji shi. "Ni dai ni ad da inuwa."

A zamanin soja aka fito da rusau na gine-ginen da suka ci titi. Wata safiya ma'aikata suka zo da soja a bayansu, suka zana ƙatuwar jar alama a bangon zauren. Daga tagata nake kallo, raina fari ƙal. Na ma fara tunanin inda zan jera kujeru in jama'a sun rasa wurin zama. Sahabi bai yi musu ba, har ruwan randa ya ba su. Suna tafiya ya sayo jan fenti, da rana tsaka ya bi layin nan gida-gida yana zana irin alamar. Da ya zo katangata ya yi mata guda biyu, manya. Na fito ina masifa, har Faransanci ya kuɓuce mini. Ya ce in yi haƙuri, in dai rushewa za a yi, ya kamata a fara da mai tsada don aikin ya yi kwarjini. Da mai katafila ya zo ya ga layi duka ja, sai ya kashe inji, ya shiga zauren tambaya. Sahabi ya miƙe masa ƙafa. Mutumin bai fita ba sai da ya ba da labarin garinsu da na ciwon surukarsa, kuma katafila ba ta sake dawowa ba.

Daga nan na ce ai ƙofa ba gadon gidansu ba ce. Na kira magini ya fasa katangata ta baya, na buɗe get, na shimfiɗa darduma 'yar Jidda a tsakani, na zauna. Awaki suka yi ta wucewa. Mutum ɗaya ce ta leƙo, wata mai nono daga wajen Dundaye. Na tarbe ta da Fulatanci mai kyau, ta amsa da fara'a, sannan ta tambaye ni ta ina ake bi zuwa zauren Malam Sahabi. Da la'asar Sahabi ya zo duba aiki da kansa. Ya shafa siminti, ya yaba hannun maginin, ya leƙa waje ya ga ba komai sai kwata da bayan katangar wani.

"Ƙohwa ta yi kyau, Ɗan Jidda," ya ce. "Ina taka zuwa?"

Ban dai toshe ta ba, don kada ya ce ya yi nasara.

Shi ya sa da na ga bulon Mustafa na aika aka kira shi. Na tambaye shi ta ina tsofaffin unguwa za su riƙa samun jam'i in ya toshe, ta ina mata za su bi zuwa awo a 'yar kasuwa, a ina za a sauke baƙo. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ƙofa a buɗe ba mai zama, ɓarayi da awaki za ta jawo. Wa zai zauna?" Na dubi gidana, na dubi buzun da ke rataye a bango. Na ce ya sauko mini da shi.

Bulon bai yi asara ba. Da shi Mustafa ya toshe ƙofar awakina.

Yanzu nan nake wuni. Ina miƙe ƙafa yadda yake yi, mutane suna tsayawa, suna ba ni labari. Sai dai duk wanda ya gama gaishe ni, kafin ya wuce sai ya dubi buhun geron ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam Sahabi." Ka ji fa! Mutum yana kabari, amma rabin gaisuwata tasa ce. Nakan amsa da amin.

Allah ya gafarta maka, taubashina. Yadda ka buɗe wa bayinsa hanya, Allah ya buɗe maka ƙofar rahama, ya sanyaya makwancinka fiye da zaurenka. In tawa ta zo, Allah ya sa gidana ya kalli naka a can ma. Amin.