Begilar Baba Saja Ba Ta Gwangwan Ba Ce

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Jahun ya san kakana, Baba Saja, ba ya karyawa sai ya gama da begilarsa. Da ya dawo daga masallaci zai shimfiɗa buzu a ƙofar zaure, ya jiƙa tsamiya, ya haɗa da toka, ya yi ta goge ta har sai ya ga gemunsa a jikinta. Tsamiyar kuwa ta kunun kakata ce, Inna.

"Malam, ka sake ɗebe min tsamiya ko?"

"Ke kunu za ki yi, a sha a manta. Ni tarihi nake gogewa."

"To yau tarihi za ka sha!"

Ranar kuwa da gaya ya karya, yana ci yana hararar ƙofar ɗakinta.

Ni ba mai magana ba ce, kun sani. A ajinmu a Dutse akwai malamar da har yau ba ta san muryata ba. Amma raina a ɓace yake, shi ya sa na ɗauki biro. Ko arba'in ba a yi ba da rasuwar Baba, babban ɗansa, Kawu Lawan, ya ce begilar ta mutu, a ba masu gwangwan da ke sayen tsofaffin ƙarafa, a kai wa makaranta sabuwa. Begilar da mutum ya busa tun yana ɗan sanda mai kaɗe-kaɗen fareti, ya yi ritaya ya ci gaba da busa wa 'yan firamaren unguwarmu suna koyon maci! Haba!

Ban ce kyakkyawa ba ce. Tana da maɓallai uku, na farko ya siɗe kamar tsohon kwabo. A bakinta mai faɗi akwai wata lotsawa da babban yatsa zai shige. Wannan a Garki ta same ta, ranar da wani bajimi ya tsinke igiya ya nufo 'yan fareti, kowa ya watse, Baba ya tsaya ya maka masa ita a goshi. Duk wanda ya ce a buge lotsawar ta miƙe, sai ya ce, "Bar min shaidata. Shi ma bajimin yana can da tasa."

Rigimarsu da Kawu ta samo asali ne daga wani ɗan rami. A ƙasan begilar akwai ƙaramar huda mai murfi, ta nan ake zubar da yawun da ya taru in an jima ana busa. Kawu ya zo daga Dutse, ya ga ruwa na ɗiga, ya ɗauke ta a ɓoye wai zai faranta wa tsoho rai. Ya kai wa mai gyaran lagireton mota a tasha, shi kuma ya narka dalma ya toshe hudar tsaf.

Washegari yara suka yi layi, Baba ya fara busa. Da farko lafiya lau. Can sai muka ji begila tana ƙur-ƙur-ƙur kamar tsoho yana kurkure baki. Layi ya wargaje, yara suna birgima don dariya. Baba ya juya ta, ya ga dalma. Ya saɓa ta a kafaɗa sai tasha wurin mai gyaran lagireton, mu kuma muna biye.

"Kai! Wa ya aike ka?"

"Baba, ai ɗiga take yi."

"Ɗiga! Kai hancinka ba ya ɗiga? Kawo dalmar in toshe maka!"

Ya zauna a kan bencin mutumin, ya hana shi taɓa motar kowa, har sai da ya huda ramin da allurar buhu. Murfin ya riga ya ɓata, don haka Baba ya yanki bakin silifas ɗin Inna ya ɗaure da roba. Wata biyu tana tafiya da takalmi mai giɓi, tana yi masa Allah-ya-isa ƙasa-ƙasa.

Kunya ta sa Kawu ya je Kano ya sayo sabuwa, rawaya sharr, a cikin akwati mai jan karammiski. Baba ya busa sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya dube ni.

"Amarya, kin ji? Langa-langa ce aka shafa wa fenti."

Da kaka Kawu ya je gona ya tarar da ita a rataye a kan sanda tsakiyar gero, tana juyawa tana walƙiya.

"Baba, mene ne haka?"

"Korar tsuntsaye. Ƙyalli kaɗai ta iya, na ba ta aikin ƙyalli."

To, ranar Asabar da ta wuce Kawu ya kira mai gwangwan har tsakar gida. Shugaban makarantar firamaren ma ya zo karɓar sabuwar. Kawu ya miƙa masa tsohuwar ya ce ya gwada da kansa. Shugaban ya busa har idonsa ya yi ja, iska ta ƙi wucewa.

"Ka gani? Ta bi mai ita," in ji Kawu.

Mai gwangwan ya ɗora ta a sikeli, sannan ya aje ta a ƙasa ya ɗaga guduma, wai zai daka ta don ta shiga buhu. Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai gan ni durƙushe a kanta, ina ihu, "Kar ka taɓa ta!" Kawu ya daka min tsawa.

"Ke Hassana, kina da hankali kuwa?"

Na ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau. Wanke ta aka yi."

Na ga matar Kawu ranar sadakar bakwai ta kwance maɓallan nan uku ta wanke da omo, ta mayar yadda ta ga dama. Alhali kowanne da gidansa, akwai 'yar lamba a jikinsa, in aka sauya musu wuri iska ba ta wucewa. Na zare su, na mayar da na ɗaya gidansa, na uku gidansa, na sa baki na hura. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne, kukan jaki ne, har kaji suka watse. Amma ya fito.

Inna tana takaba, tun rasuwar ba ta ɗaga murya ba. Sai muka ji ta daga bayan labule.

"Lawan, sallami mutumin nan. A kai ta Dutse a yi mata murfin kirki, a ba yara su busa. Sabuwar kuma ka tafi da abarka."



Kawu har yau ciki-ciki yake amsa gaisuwata, ni ma ban huce ba, ba zan ɓoye ba. Amma begila tana wurin gyara.

Allah Ya jiƙan Baba Saja, Ya yafe masa faɗansa, Ya sanyaya makwancinsa. Allah Ya ba Inna haƙuri. Amin.