Anti Saratu da faɗuwar ranar da na zana

Anti Saratu ta rasu. Da safen nan ina shara Mama ta ajiye waya ta faɗa mini. Har yanzu ban dawo daidai ba.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai shagon kwamfuta a Mahuta, inda ake buga katin biki. Da dogon hutu Mama ta kai ni wurinta koyon aiki, wai ko zan rage kwanciya da littattafan soyayya.

Sati biyu ban ce uffan ba. Ta sa mini suna Madam Shiru.

Wata rana ta kama ni ina zana bangon littafin soyayya a kwamfuta a ɓoye, littafin da ni kaɗai na san ina rubutawa. Faɗuwar rana nake so, ruwan lemo a ƙasa, shuɗi a sama. Na ja layin giradiyen, mai haɗa launuka, don launin ya narke cikin ɗan'uwansa, sai tsakiyar ta fito toka-toka kamar ruwan wanki.

Na kai hannu zan rufe. Ta riƙe linzamin kwamfutar.

"Haba Madam! A ƙarƙashin wannan saman zai ce yana son ta? Ai guduwa za ta yi."

Ta danna tsakiyar layin, ta ƙara ɗigo ɗaya, ta sa ruwan hoda. Nan take sama ta buɗe. Na yi dariya da ƙarfi har masu jiran kati suka juyo.

Ba ta taɓa gaya wa kowa zancen littafin ba. Ko Mama.

Ganinmu na ƙarshe a bakin coci ne. Ta rame, amma tsiyar tana nan.

"Ke, ina bangon nan? Sai na tsufa zan gani?"

Na sunkuyar da kai na ce ban gama ba. Ƙarya na yi. Tun Ista na gama, kunya ce kawai.

Ɗazu mijinta, Baba Yohanna, ya kira ni.

"'Yata, kullum tana cewa kin fi kowa hannu. Ke za ki yi mana bangon furogiram na jana'iza."

Ban taɓa yin aikin da jama'a za su riƙe a hannu ba. Bakina ya buɗe zai ce a ba wani.

Na ce, "To, Baba."

Gobe zan buɗe shagon, in zauna a kujerarta.

Ubangiji ya karɓe ki, Anti, ya ba ki hutu, ya share hawayen gidanki. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ku sa ni ni ma.